Darussan da na koya wajen shirya aji domin gwajin gargaɗin gaggawa

Ranar Laraba, 4 ga Oktoba, 2023, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, tare da hukumar sadarwa ta FCC, suka gwada tsarin gargaɗin gaggawa a faɗin ƙasar, inda aka aika saƙo zuwa wayoyin hannu da rediyo da talabijin da misalin ƙarfe 2:20 na rana agogon gabashin ƙasar, wato 11:20 na safe a jihohin gaɓar yamma. A daidai wannan lokaci ɗalibanmu na cikin aji.

Babban abin da na fahimta a matsayina na malami shi ne, sanarwar da aka yi wa manya ba lallai ta isa kunnen yara ba. Saƙon ya bayyana cewa gwaji ne kuma ba a buƙatar yin komai, amma ƙarar takan riga rubutun isa, kuma yaron da ya saba da atisayen kulle ƙofa da ɓuya saboda 'yan bindiga ba zai tsaya karatu ba kafin gabansa ya faɗi. Saboda haka tun da safe na rubuta lokacin a allo, na yi musu bayanin irin ƙarar da za su ji, na kuma gaya musu wanda zai aiko ta da dalilinsa.

Waɗanda suka fi buƙatar kulawa su ne yaran da ƙara mai ƙarfi ke gigita su da waɗanda iyalansu suka gudo daga yaƙi. Akwai wata yarinya da muka ba abin toshe kunne minti goma kafin lokaci, muka zaunar da ita kusa da ƙofa; da wayoyin suka fara kuka sai ta dafe shi da hannu biyu, ta dube ni, sannan ta ci gaba da zanenta.

Batun wayoyin da ke ɓoye cikin jakunkuna bai kai a tsawaita ba. Na ce ba za a hukunta kowa ba a ranar, mai so ya kashe tasa, tunda wayar da ke kashe ba ta karɓar saƙon. Kuma da yake ana watsa shi ne na kusan minti talatin, ba lallai wayoyin su yi ƙara tare ba, don haka ban sanya jarrabawa a wannan darasi ba.

Abin da na fi kiyayewa shi ne kada kwantar da hankali ya zama raina ƙarar, domin da irin wannan ƙarar ake sanar da guguwa ko ambaliya, kuma na nanata musu cewa duk ranar da suka ji ta ba tare da an faɗa musu tukuna ba, su yi shiru su saurari umarnin malami.