Daga Darussalam Zuwa Kizimkazi

Darussalam ba garin hutu ba ne. Ga zafi mai sa riga ta manne wa mutum a jiki, ga cunkoson motoci, ga manyan jiragen dakon kaya sun yi jerin gwano a teku suna jiran wuri a tasha. A hukumance Dodoma ce babban birnin Tanzaniya, amma kuɗi da hayaniya suna nan Darussalam. Ban tsaya ɓata lokaci ba, na nufi tashar jirgin ruwa mai zuwa Zanzibar.

Tafiyar awa biyu ce ko kusa da haka. Da muka sauka sai aka ce kowane baƙo ya fito da fasfo, alhali ba mu bar ƙasar ba. Dalili kuwa Zanzibar tana da nata shugaban da tata majalisar, tun bayan da ta haɗe da Tanganyika suka zama Tanzaniya a watan Afrilun 1964, 'yan watanni bayan juyin juya halin da ya kori sarkinta na ƙarshe. Mutanen tsibirin ba sa wasa da wannan bambanci.

Tsohon garin, wanda baƙi ke kira Stone Town, da duwatsun murjani da farar ƙasa aka gina shi. Lungunansa sun matse har mota ba ta shiga yawancinsu, sai babur da amalanke, su ma sai mutum ya lafe jikin bango kafin su wuce. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Kowa yana maganar ƙofofinsa na katako, kuma sun cancanci a yi maganarsu: wasu an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a samansu, wasu an jera musu ƙusoshin tagulla masu tsini irin na Indiya. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai wata magana ce da wani dattijo ya yi mini a bakin ruwa, yana gyaran igiyar jirginsa.

Na ce, "Baba, me ya kawo Larabawa da Indiyawa wannan ɗan tsibiri haka?"

Ya ce, "Yaro, iska ce ta kawo su."

Ba zolaya yake yi ba. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi tana kaɗawa daga arewa maso gabas, ita ce ke turo jiragen katako daga Oman da Indiya zuwa nan. Daga Afrilu kuma sai ta juya, kusi ta taso daga kudu ta mayar da su gida. Fataken da suka iso dole su zauna watanni suna jiran juyawar iska, ko sun so ko sun ƙi. A cikin wannan jira aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka gina gidaje da masallatai. Riba ta yi yawa har Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya bar Maskat ya dawo da fadarsa Zanzibar a 1840, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari.

To, wa ya nome gonakin? Amsar tana wurin da cocin Angilika yake a yau, inda kasuwar bayi take har aka rufe ta a 1873, zamanin Sarki Barghash, bayan matsin lambar Ingila. Na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi. Rufinsu ya yi ƙasa, mutum ba ya iya miƙewa sosai, iska kuma sai ta wasu 'yan kafofi. A waje akwai mutum-mutumi guda biyar a cikin rami, sarƙa a wuyansu. Daga can cikin nahiyar ake koro mutane da ƙafa, ɗauke da hauren giwa, kuma manyan 'yan kasuwar, irin su Tippu Tip wanda gidansa ke nan cikin gari har yanzu, Musulmi ne masu sallah da azumi. Wannan ba abin da za a lulluɓe ba ne. Bayan na fito daga nan, kallon da nake wa ƙofofin nan masu ado ya sauya.

Beit al-Ajaib, babban benen da Barghash ya gina a 1883, shi ne gini na farko da ya samu wutar lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, saboda haka daga waje kawai na kalle shi. A gabansa ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada luguden wuta ranar 27 ga Agustan 1896, yaƙin da bai kai minti 45 ba aka gama shi.

Tsibirin Changuu kuwa, wanda ake zuwa da ƙaramin jirgi daga bakin gari, bai burge ni yadda ake zuzuta shi ba. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai dai aka mayar da wurin na killace masu zazzaɓin shawara. Manyan kunkurun da gwamnan tsibiran Seshel ya aiko da kakanninsu kyauta a 1919 suna nan, wasu sun haura shekara ɗari, amma mutane sun yi musu yawa, kowa na neman hoto. Dajin Jozani, da ke kan babban tsibirin Zanzibar, ya fi. A nan ake ganin jan birin Zanzibar, mai farin gashi a goshi, wanda asalinsa ba a samunsa ko'ina a duniya sai wannan tsibiri, kuma duka-duka ba su kai 6,000 ba. Birai ne masu cin gawayi, don ya kashe musu dafin wasu ganyayen da suke ci.

Jambiani, a gabar gabas, nan ne na fi daɗewa. Da yamma na isa, teku ta cika har gindin katangar masauki, launinta tsakanin kore da shuɗi, irin wanda ake bugawa a tallar kamfanonin yawon buɗe ido. Da hantsi na fito sai na tarar babu teku. Ta janye fiye da kilomita guda, sai can nesa ake hango farin layin da igiyar ruwa ke fashewa a kan duwatsun murjani. Jiragen masunta sun kwanta a kan yashi. Cikin wannan fili kuwa mata ne birjik, wasu a duƙe, wasu a zaune cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, tsakanin turaku da igiyoyi da aka jera kamar kunyoyin gona.

Ciyawar teku suke nomawa. Ana ɗaura ƙananan rassanta a jikin igiya, a bar ta kamar mako shida, a cire, a shanya a rana, 'yan kasuwa su saya su fitar da ita waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ke shiga man goge baki da kayan shafa. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara wannan sana'a a nan, kuma mata ne suka fi yawa a cikinta.

Na taka har wurin wata mai shekaru, ina kaffa-kaffa da ƙayar teku, wani saurayi yana yi mana tafinta. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ƙarfe nawa kuke fitowa aiki?" Ta yi dariya, ta ce ba agogo ke fito da su ba. Ruwa yana janyewa sau biyu a kwana, kuma kullum yana ƙara jinkiri da kusan awa guda. Janyewa mai nisa, wadda ke buɗe gonakin, sai a farkon wata da kuma lokacin da ya cika. Saboda haka kwanan watan Musulunci ne jadawalin aikinsu. Wanda bai san yau nawa ga wata ba, bai san ko gobe akwai aiki ba.

Ta ɗago wani reshe ta nuna mini inda ya yi fari ya ruɓe. Ruwan bakin gaɓa yana ƙara ɗumi, irin ciyawar da ta fi tsada kuma ba ta jure zafi. Maganin shi ne a kai gonar cikin ruwa mai zurfi, amma can sai da jirgi, kuma da yawa daga cikin matan ba su iya ninƙaya ba, duk da a bakin teku aka haife su. Bayanta kaɗan, baƙi ne kwance a kan kujerun otal suna ƙorafin ruwa ya gudu ba su samu wurin wanka ba. Ban ga laifinsu sosai ba, hoton da aka sayar musu ba a nuna turaku a ciki ba.

Daga nan na gangara Kizimkazi, a kudancin tsibirin. Akwai wani ƙaramin masallaci a can mai rufin kwano, wanda mai wucewa ba zai waiwaye shi ba. A jikin mihrabinsa akwai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, mai ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, ko da yake yawancin ginin an sabunta shi ne a ƙarni na 18. Har yau ana sallah a ciki, kuma a nan na yi azahar tare da masunta.

Yawancin masu zuwa Kizimkazi ba masallacin ke kawo su ba, dabbar ruwan nan dolfin suke nema. Da sassafe na tsaya a bakin gaɓa ina kallon jirage masu inji sun taru a wuri guda, da zarar dabbobin sun ɓullo sai a bi su a guje, mutane su yi ta faɗawa ruwa a kansu. Wani mai jirgi ya yi ta rarrashina in shiga, har ya rage mini kuɗi. Na yi masa godiya, na ce a'a, na je na tari motar komawa gari.