Hawan dutsen Ajlun

Daga Amman muka nausa arewa, hanya sai hawa da gangara tsakanin gonakin zaitun. Duk mai zaton Jodan hamada ce zalla, ya zo Ajlun ya ga kore shar. Tun daga nesa ake hango tsohon sansanin yaƙin Ajlun a ƙololuwar dutsen Auf.

Izzuddin Usama, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Salahuddin Al-Ayyubi, shi ya gina shi a 1184, don ya sa ido kan mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai, da ke ƙetaren kogin Jodan, ya kuma tsare ma'adinan ƙarfen yankin. Da ka hau rufi ka ga kwarin a shimfiɗe ƙarƙashinka, ba sai an gaya maka dalilin zaɓen wurin ba. Ko jaki ya gilma sai an gan shi.

Kafin ka shiga sai ka ƙetare gwalalon da aka sassaƙa cikin dutse. A ciki, tagogin maharba ne suka tsayar da ni. Daga ɗaki suna da faɗin da mutum zai durƙusa ya ja baka, daga waje kuwa 'yar tsaga ce da hannu ma da ƙyar ya shige. Can gefe an jibge duwatsun majaujawa, dunƙule-dunƙule, na gwada ɗaga ɗaya na haƙura. Ta nan kuma a da tantabaru suke yada zango da wasiƙu tsakanin Dimashƙa da Alƙahira.

Mongolawa sun yi wa sansanin ɓarna a 1260, Sarki Baibars na Masar ya gyara. Girgizar ƙasa ta 1837 da ta 1927 suka sake zubar da sassansa. Hukumar kula da kayan tarihi ta Jodan ta tayar da bangayen da suka faɗi, ta gyara gadar shiga, kuma aikin ya yi kyau, ba a yi masa kwalliyar da za ta ɓoye tsufansa ba.

Abin da ya ɓata min rai masu ziyara ne. Wani ya sa makulli ya karce sunansa a dutsen da ya haura shekara 800, har da kwanan wata, wai shi ma ya zo. Tun da aka buɗe motar kebul, mai ɗaukar mutane ta sama a rataye jikin waya, a garin a 2023 jama'a sun ƙaru, mai gadi kuwa idanu biyu kawai gare shi. Muna saukowa ma na ji shi yana daka wa wasu samari tsawa su sauko daga kan katanga.