Abin da alƙalin gasa ke dubawa a jikin diskus

A shagonmu na Agege ba ma ɗaga diskus, wani kifin ado mai kewayayyen jiki, zuwa tankunan gaba sai mun bi shi da irin awon da alƙalai ke yi a manyan gasannin kifin ado, irin wadda aka yi ta shiryawa a Duisburg ta ƙasar Jamus da ta Aquarama a Singafo. Mai saye launi yake fara gani, alƙali kuwa ƙira yake fara dubawa, kuma yawancin kuɗin da masu kiwo ke asara a Legas a tsakanin waɗannan biyun yake zubewa.

Tsarin gasar ba shi da wuyar ganewa. Kowane kifi shi kaɗai a tankinsa, tankunan duk girma ɗaya, babu yashi babu shuka, haske iri ɗaya, lamba ce a jikin gilashi maimakon sunan mai shi. Ana raba su aji-aji: na daji da aka kamo daga kogunan Amazon, masu launi ɗaya, masu zane, masu ɗige-ɗige, sai ajin gama-gari na wanda bai shiga ko'ina ba. Kowane alƙali da takardarsa, yana ba da maki a kan ƙira, girma, ido, fukafukai, launi, zane da yadda kifin ke tsayuwa a ruwa, daga baya a haɗa.

Ƙira ita ce uwa. Idan ka dube shi ta gefe, ka ɗauke fukafukai da wutsiya daga lissafi, jikin ya zama kewayayye kamar faifai, tsayinsa daga sama zuwa ƙasa ya kusa daidai da tsawonsa daga baki zuwa gindin wutsiya. Layin goshi ya tashi daga leɓe ya lanƙwasa sumul har ya haɗu da fiffiken baya. In akwai lotsawa a saman hanci, ko baki ya yi tsini ya fito gaba, maki ya tafi, kuma babu abincin da zai gyara. Daga nan sai a jira kifin ya juyo ya fuskance ka. Nan ne ake kama da yawa. Goshin lafiyayyen diskus yana da kauri, cike da nama a saman idanu. Wanda goshinsa ya tsuke ya yi kaifi, ko dai ya sha yunwa yana ƙarami, ko tsutsar ciki ta daɗe tana cinsa. Ta gaban ne kuma ake ganin ko ɓangarorin biyu sun daidaita: ido da ido a layi ɗaya, baki bai karkace ba, ƙashin baya bai gauce ba.

Ido shi ne mai tona asirin shekaru. Idon kifi yana ci gaba da girma ko da jiki ya tsaya, saboda haka diskus mai santimita 9 da ƙaton ido tsoho ne da ya tsumbure. Awon da masu kiwo ke yi da ka shi ne a jera faɗin idon daga sama zuwa ƙasan jiki, a babban kifi ya shiga wajen sau 7. In sau 5 ya shiga, bar shi, ko da kyauta aka ba ka. Ana son idon ya zama garau, kewayayye, ba gutsure a gefe, kuma a yawancin nau'o'i ja ne ke jan maki. Irin waɗannan tsumburarrun ne ake cika leda da su ana yawo da su a matsayin 'ya'ya. Mutum ya saya da murna, ya yi wata shida yana zuba abinci, kifi bai ƙara ko santimita ɗaya ba, sai ya zo yana cewa ruwan Legas ne ba ya karɓar diskus.

Fukafukai sai sun buɗu sosai, na baya da na ƙasa su yi daidai da juna ta yadda za su cika da'irar jikin. Ƙaya ko ɗaya da ta karye ta warke a karkace, alƙali zai gani. Dogayen siraran nan biyu na ƙarƙashin ƙirji su sauka a miƙe, tsawonsu ɗaya. Murfin da ke rufe wurin numfashi kuma ya rufe ruf. In ya gajarta har ana hango jan naman ciki, ko bakinsa ya naɗe waje, aibi ne babba, kuma yawanci daga ƙazamin ruwa yake samo asali tun kifin bai kai girman ɗan yatsa ba.

Sai a zo kan launi, kuma kowane aji da abin da ake nema a cikinsa. Na daji irin Heckel, wanda ya ci sunan masanin da ya fara bayyana shi a 1840, layuka 9 ne a tsaye a jikinsa, na biyar ɗin da ke tsakiya ya fi sauran kauri da duhu, kuma dole ya fito ɓaro-ɓaro a miƙe. Blue Diamond akasin haka ne: shuɗi zalla daga kai har wutsiya, ko inuwar layi ba a so. Pigeon Blood, da aka fitar a Tailan a farkon shekarun 1990, matsalarsa baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke fesowa a hanci da fukafukai. Suna ƙaruwa in bangon tanki ko ƙasansa mai duhu ne, shi ya sa namu a farin tanki suke tashi. Masu zane, layin ya tafi bai tsinke ba. Masu ɗigo, ɗigon ya bazu har tsakiyar jiki, kada ya taru a gefe ya bar fili.

A nan ne masu algus suka fi ɓata mana sana'a. Diskus ba ya cika launinsa sai ya doshi shekara. In ka ga ɗan santimita 5 yana walƙiya da launin babba, an ba shi sinadarin hormon ne don ya shiga ido. Bayan 'yan makonni launin ya zube, girma ya tsaya, da yawansu ba sa ƙara haihuwa. Akwai kuma masu cika abinci da sinadarin ja fiye da kima, har kifi mai ruwan ɗorawa ya koma ruwan lemo, farin fiffike ya rine. Alƙalin da ya san aikinsa yana ganewa da kallo ɗaya. Amma mai saye zai tsaya gaban tankinmu ya ce, "Haba maigida, na ga irinsa a waya rabin kuɗin nan, kuma ya fi wannan ja." Amsarmu ɗaya ce kullum: Alhaji, je ka tambayi mai shi watanninsa nawa, ka kuma ce ya ɗauko maka hotonsa ta gaba.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne hali. Kifin da ya yi baƙi, ya tsuke fukafukai, ya maƙale a lungu yana haki, ba zai ci komai ba ko da ya fi kowa ƙira. Ana son ya taso gaban gilashi ya buɗe jiki.

Yawancin makin nan a watanni shida na farko ake samunsa ko a rasa shi. 'Ya'yan suna fara rayuwa ne da tsotsar yauƙin jikin iyayensu, kuma muna barinsu tare wajen mako biyu zuwa uku kafin mu raba. Daga nan ci sau 5 a rana. Zuciyar shanu muke saya da sassafe a mayankar Oko-Oba, a feɗe kitse da jijiya tas, domin kitsen shanu ba ya narkewa da kyau a cikin kifi kuma yana ɓata ruwa. A kilo ɗaya na tsantsar nama muna sa jatan lande giram 300, ɗan alayyafo da tafarnuwa, a niƙa, a shimfiɗa fale-fale a leda a daskarar. Wanda ke ciyarwa haka dole ya canja ruwa kullum, kashi 30 zuwa 50 cikin 100, ya zuƙe kashi da ragowar abinci daga ƙasan tanki, ya goge gilashin ciki saboda yauƙi. Babban kifi ɗaya lita 40 muke ware masa.

Ruwan burtsatse ba a zuba shi kai tsaye. Yana fitowa da iskar da ke sa shi tsami, in ya sha iska tsamin ya ragu, ma'aunin pH ɗinsa ya tashi, kuma wannan hawa da saukar ne ke sa kifi duhu. Sai ya kwana a durom da injin iska awa 24. Na wajen Lekki da Ajah sau da yawa yana zuwa da ƙarfe ko ɗanɗanon gishiri, wannan sai an tace. Zafi digiri 28 zuwa 30. Mutane na ganin Legas ba ta buƙatar hita, amma daren hunturu da sanyin Yuli da Agusta suna saukar da ruwa ƙasa da haka, ballantana ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska da yawa, don haka injin iskarmu a kan inbata yake. Ɗauke wuta na dare ɗaya ya isa ya kashe tanki guda.

Sabon kifi, ko daga Maleshiya ya sauka a filin jirgin Ikeja ko daga maƙwabci, mako 4 zuwa 6 yake yi a keɓe, da ragarsa da tiyonsa daban. Farin kashi mai tsawo kamar zare alamar ƙwayar hanji ce, maganin metronidazole ake ba shi. Mai numfashi da gefe ɗaya yana goga jiki a bango kuwa, maganin praziquantel ake ba shi.

In za a kai kifi baje koli ko gidan mai saye, a daina ba shi abinci kwana 2 kafin tafiya don kada ya ɓata ruwan leda. A kama shi da raga mai laushi, ba a guje-guje da shi, domin ɓawo ɗaya da ya ɓamɓare ko ƙaya ɗaya da ta karye ta rage masa daraja. Babba shi kaɗai a ledarsa, leda ninki uku saboda ƙayar baya tana hudawa, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iskar oksijin, a jera su a cikin kula a rufe don duhu. Wanda za a ƙetara da shi gadar Third Mainland, kafin asuba ta gama wayewa muke fitar da shi.