Wuƙar da Nake Shiga Daji da Ita

Wuƙa mai naɗewa ce ta fara ba ni kunya. Ina tsaga ice, ina dukan bayanta da guntun itace, sai ji na yi ƙaras, mahaɗar ta ɓalle. Tun ranar na koma wadda ba ta naɗewa.

Abin da nake fara dubawa, ƙarfen ya zarce har ƙarshen mariƙi, kamar na wata wuƙa da ake kira Morakniv Garberg. Ruwan wuƙa santimita 10 zuwa 12 ya ishe ni. Zabgegiya sai gajiyar da hannu wajen fiƙe turaku. Ƙarfen kabon nake so don saurin wasuwa, amma fa akwai tsatsa. Na taɓa mayar da tawa kube a jiƙe, da safe duk ta yi ja. Yanzu sai na goge, na shafa mata mai.