Fiffiken da ya naɗe a Lamingo

Tun ina yaro a Gangare nake ƙera ƙaramin jirgin sama da karan dawa, shi ya sa ranar da katakon balsa, wani katako mara nauyi, ya fara shiga hannuna na ji kamar mun daɗe da sanin juna. Ko farce ka danna sai ya lotsa. Yawancinsa daga ƙasar Ikwado yake fitowa, can Kudancin Amurka, mu kuwa sai mun yi oda a kawo mana falle-falle, mai kaurin milimita 1.5 da mai 3. Saboda tsadarsa ko guntu ba na yarwa.

Fiffikena na farko tsawonsa mita 1.2 ne. Na yanka haƙarƙarinsa da reza, na jera su a kan zane, na kafe da fil, sannan na ratsa siraran sanduna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ne ƙashin baya. Da na ji yana lanƙwasa a hannu, sai na lafta masa gam mai haɗi biyu ta ko'ina. Nauyi kawai na ƙara masa. Ga shi Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarta ba kauri, jirgi mai nauyi sai ya yi gudu sosai kafin ya ɗaga. A wani fili kusa da Lamingo na tashe shi, na sako shi ƙasa, na fizge shi sama, sai ji na yi ƙas! Fiffiken ya naɗe daga tsakiya, yaran da suka zo kallo suka kwashe da dariya.

Na kai gawar wurin wani tsohon kafinta a Kasuwar Katako. Bai taɓa taɓa balsa ba. Ya murɗa ɓangaren da ya tsira, ya ce, "Ɗana, sandunan nan naka ba sa ga maciji. Kowacce harkar gabanta take yi."

Na ce, "To Baba, yaya zan yi?"

Ya ce in haɗa su. Ashe idan jirgi yana sama, sandar sama matsewa take sha, ta ƙasa kuma ja, in ba abin da ya riƙe su sai su zame wa juna. Maganin shi ne ƙananan fallayen balsa da ake mannawa tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari, su kama sama da ƙasa. A nan ma sai da na yi kuskure, na yanka su jijiyar katakon a kwance. Baba ya tsaga ɗaya da yatsa biyu a gabana. Jijiyar a tsaye ake so.

A fiffike na biyu na yi ƙashin baya da katakon obeche, wanda ya fi balsa ƙarfi, na sa filawud siriri ya ɗaure mahaɗar tsakiya, na rufe gaban fiffiken sama da ƙasa da falle mai 1.5 har zuwa ƙashin baya, wanda shi ke hana murɗewa. Gam ɗin kafinta na shafa kaɗan-kaɗan, na danne da littattafai ya kwana a kan gilashi.

Wajen rufe shi da leda ne dutsen guga ya so ya cuce ni: ɓangaren hagu ya fi shan zafi, ya ɗan karkace. Na murɗa shi baya, ƙanina ya bi da guga har ya miƙe. Sau 14 ke nan yana tashi, kuma tunda damina ta kama, nakan ɗora shi a kan gilashin nan in duba kafin mu fita.