Lahadin ruwan sama da mai hular ƙarfe

Yau ban leƙa shago ba. Tun asuba ake tsuga ruwa, layinmu ya zama taɓo zalla, ga mura da ta sako ni gaba tun jiya. Wajen hantsi ƙanina ya shigo da kwamfutarsa a cikin leda, ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, yau dai mu ƙarasa abin nan, saura kashi huɗu." Peacemaker yake nufi, shirin John Cena mai kashi 8 da aka fara nunawa a manhajar kallon finafinai ta HBO Max a Janairun 2022. Har zango na biyu ya fito a 2025, mu sai yanzu muke kan na farko.

Shi ƙanin nawa saboda kokawa ya ɗauko shirin. Duk wanda ya yi zaman gidan kallo da ƙuruciya ya san Cena a WWE, da gajeren wandonsa da hannun nan da yake kaɗawa a gaban fuska. Ya zo neman inda za a ɗaga ƙato a maka da ƙasa. Akwai faɗan kam, har da jini fiye da yadda nake so, amma ni ba shi ya zaunar da ni ba.

Christopher Smith, wato Peacemaker, shi ne mutumin da Cena ya fito a matsayinsa a cikin labarin. Ya rantse sai ya kawo zaman lafiya a duniya, ko da mutum nawa zai kashe kafin a samu, maza da mata da yara. Yana yawo da jar riga matsattsiya da wata hular ƙarfe mai ƙyalli, wadda tun a fim ɗin The Suicide Squad na 2021 aka ce masa ta yi kama da murfin masai. Babban amininsa gaggafa ce mai suna Eagly, yana ɗaukarta a mota ta leƙo kai ta taga. An haɗa shi da wata 'yar ƙaramar tawagar sirri ta gwamnatin Amurka domin farautar wasu halittu daga wata duniyar, masu siffar malam-buɗe-littafi, da ke shiga kan mutum su mallake jikinsa. In ka faɗa wa wani haka a baki zai ce shirme ne, kuma James Gunn da ya rubuta duka kashi takwas ɗin ya san shirme ne. Shi ya sa kowane kashi yake buɗewa da 'yan wasan gaba ɗaya suna wata rawa sandararriya, fuska a murtuke, ba mai ko murmushi. Ƙanina bai taɓa yarda a wuce wurin ba.

Muna tsakiyar kashi na 5 maman yara ta kawo mini shayi mai citta da kanumfari, 'yar autarmu na biye da ita. Da sauri na rufe kwamfutar. Wannan ba abin kallo da yara ba ne, ashar ɗin ciki ta yi yawa, akwai batsa kuma a wasu wuraren. Ta harare mu ta ce, "Manya da ku, kuna ɓoye-ɓoye." Muka ja ƙofa, ƙanina ya rage murya.

Bayan Azahar muka shiga na 6 da na 7, a nan ne na gane abin da ke riƙe da shirin. Uban ne. Auggie Smith, wanda Robert Patrick ya fito a matsayinsa, mutumin nan da ya yi ɗan sandan ƙarfe mai narkewa a Terminator 2 na 1991. A nan tsoho ne mai tsananin ƙin baƙar fata, shi yake ƙera wa ɗansa hulunan, amma bai taɓa yi masa kallon mutum ba. Ka ga ƙato kamar Cena ya shiga gidan ubansa ya koma yaro, yana ba da labari don a yi dariya, uban kuwa ko ɗaga kai ba ya yi. Sai a kashi na 7 aka nuna mana asalin ciwon: suna yara uban ya haɗa shi dambe da yayansa Keith a gaban mutane ana caca a kansu, ya kai masa naushi ɗaya, yaron ya faɗi ya mutu. Daga wurin nan duk wata fankama da surutun banza da Smith ya yi a baya suka canza mini kama. Na yi ta dariyarsa tun kashi na farko, yau sai dariyar ta riƙa maƙale mini a wuya.

Haka aka yi da Economos, mai aikin kwamfutar tawagar. Tun farko Smith ke tsokanarsa cewa rina gemu yake yi, shi kuma yana musu. A kashi na ƙarshe, yana cikin abokan gaba yana neman tsira da ransa, dole ta sa ya faɗi gaskiya: yana rinawa, don ba shi da kowa, kuma ya ɗauka ba wanda ya lura. Abokansa na jin sa ta na'urar kunne, kowa ya yi tsit. Tsokanar da aka yi ta maimaitawa har ta fara gundurata, ashe ajiye ta aka yi don wannan wurin.

Ba komai ne ya yi mini ba. Gunn yana son barin mutanensa su yi ta cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani lokacin abin ya yi daɗi, wani lokacin ka ji kamar a ce musu ya isa haka. Hirar mawaƙan rock na shekarun 1980 kuwa wucewa take ta kanmu, ba mu san su ba. Labarin halittun ma bai kai na uba da ɗa ƙarfi ba. Sai a mintunan ƙarshe aka zauna ana yi mana bayani cewa sun lalata duniyarsu ne, suna so su hana mu lalata tamu. Magana mai nauyi irin wannan ta cancanci a shimfiɗa ta tun da wuri. Na ji haushin mutuwar Murn, shugaban tawagar. Chukwudi Iwuji ne ya yi shi, ɗan asalin Najeriya, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yake magana kamar mai hankali.

Bayan La'asar ruwa ya tsagaita, muka fito ƙofar gida, musu ya kaure. Ƙanina ya ce Vigilante ne gwarzon shirin, mahaukacin abokin Smith ɗin nan da ke kashe mutane yana 'yar waƙarsa. Na ce masa Vigilante yana ba da dariya ne saboda Smith na tsaye kusa da shi yana fama da abin da shi ba ya ji ko kaɗan. A kashi na 3 an umarci Smith ya harbe iyalin wani sanata har da yara, hannunsa ya kasa, Vigilante ya karɓi bindigar ya gama aikin ko a jikinsa. Sai ya ce to ai Smith ɗin ma ya harbe ubansa, ina tausayin yake? Na ce ya tuna ƙarshen shirin: ya kashe shi, amma yana zaune a ƙofar gida fatalwar tsohon ta zo ta zauna kusa da shi. Ba a ce mana ya warke ba.

"Yaya, kai komai sai ka mai da shi wa'azi," in ji shi. Ya mai da kwamfutarsa leda, ya ce ranar Juma'a zai zo da zango na biyu, in tanadi man janareto.