Godiya Bayan Fitowar Sakamakon Gwaji

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Yau kwana huɗu ke nan ina samun barci har asuba ban farka ina lalubar hammatata ba. Kun san yadda aka faro, kun san ranar da aka shiga da ni tiyatar ciwon dajin mama, ba sai na maimaita ba, ƙarfin maimaitawar ma babu. Saƙonninku suna nan jibge a waya, wasu ko buɗewa ban yi ba. Ku yi mini afuwa, wannan rubutun shi ne amsata gare ku baki ɗaya.

Akwai daren da ban ba kowa labarinsa ba. Takardar sakamakon naman da aka cire ta zo hannuna saura kwana biyu in ga likita, ni kuma karambani ya sa na buɗe ta ni kaɗai bayan kowa ya kwanta. Shafi biyu, duk Turancin likitoci. Na riƙa ɗaukar kalma ɗaya-ɗaya ina zubawa a intanet. Ta farko "inbesib", aka ce mini ma'anarta mai kutsawa. Na daure. Can ƙasa, a layin kaluluwar hammata, na ci karo da "metastatik", da lamba 1 cikin 3 a gefenta. Ina bincikawa sai ga mataki na 4, ga ƙashi, ga huhu, ga hanta, ga ƙwaƙwalwa. Wallahi ƙafafuna suka ɗauke. Na jawo littafi na fara rubuta waɗanda nake bi da waɗanda ke bi na, da wadda zan bar wa riƙon yara. A zaune asuba ta same ni.

Gari na wayewa na tafi asibiti, ba ranata ba ce, ban ma san wa zan gani ba. A nan Allah ya haɗa ni da Sista. Na san ba kya son a ambace ki, shi ya sa zan tsaya a Sista, amma duk wadda ta taɓa zama a bencin nan ta san da wa nake. Kin tashi daga aikin dare, jakarki na kafaɗa. Kallo ɗaya kika yi mini kika ajiye ta, kika ce, "Hajiya, kawo takardar nan mu karanta tare."

Ta juya bayan ambulan ta zana mama da biro, da 'yan siraran bututun da ruwan nono ke bi. Ta ce kutsawar da na gani tana nufin ƙwayoyin sun fasa bangon bututun sun shiga naman da ke kewaye da shi, a cikin maman dai, kuma irin tawa ita ce wadda aka fi samu a mata. Sai ta zana ɗigo uku a hammata. "Waɗannan su ne masu gadin ƙofa," in ji ta, "ruwan da ya fito daga mama su yake fara tararwa, shi ya sa aka ciro su aka duba. Ɗaya ya kama ɓarawo, biyu ba su ga komai ba. Masu duba nama suna rubuta waccan kalmar ko da a hammata kaɗai abin ya tsaya. Mataki na 4 sai an gan shi a wata gaɓa mai nisa." Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce don Allah ta ƙara. Sau uku, ko tsaki ba ta yi ba.

A wurinta na gane na cakuɗa giredi da mataki. Giredi daga 1 zuwa 3 ne, yana nuna yadda ƙwayoyin suka sauya kama da saurin rabuwarsu idan an dube su a madubin likita. Nawa 2. Mataki kuwa daga 0 zuwa 4, ana haɗa girman ƙullutun da kaluluwa da ko ya je nesa. Ƙullutuna santimita 2.3 ne, da kaluluwa ɗaya, likita daga baya ya tabbatar mataki na 2. Abin dariya, da na ga "fositif" a gaban ER da PR na ɗauka wata sabuwar masifa ce, tunda mun saba fositif a takardar asibiti ba alheri ba ne. Ashe yana nufin sinadarin mata na jiki shi ne abincin ciwon, don haka akwai ƙwayar da za ta toshe masa abinci. Bakin naman da aka yanko kuma "negatif", wato an zagaye shi tas, ba a bar saura a gefe ba.

Layi ɗaya ne ta ce ba za ta yanke mini hukunci a kai ba, na HER2, wani sinadari da ke sa ciwon saurin girma idan ya yi yawa, da aka rubuta 2+. Sifili da 1+ babu ke nan, 3+ akwai, 2+ kuwa tsaka-tsaki ne, sai an sake wani gwajin da ake kira FISH. Wannan jiran da jiran hotunan ƙirji da ciki da ƙashi su ne kwanakin da kuka ji ni shiru. Duk sun fito. HER2 babu, hotuna ba su nuna komai ba. Saura kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon, sai gashin wurin da na'ura, sai tamoxifen, ƙwayar toshe abincin nan, da zan sha shekara 5, ƙila har 10.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoro ya tafi ba. Shekaranjiya bayana ya ɗan riƙe, nan take zuciya ta ce ƙashi ne. Likita ya ba ni ma'auni: ciwon da ya zo sabo, ya ƙi tafiya har mako biyu ko yake ƙaruwa, in zo a duba ba tare da jiran ranata ba. Na yau-da-gobe kuwa in rubuta kwanan wata in ajiye. Kuma ya hana ni bincike a waya bayan isha'i. Wannan dokar ce nake ta karyawa.

Sista, Allah ya biya ki da gidan Aljanna, ya raya miki zuri'a, ya sa kada ki taɓa riƙe irin wannan takarda da sunanki a kai. Likitan da ya duba namana a ɗakin gwaji, ban taɓa ganin fuskarka ba, sa hannunka kawai na gani, Allah ya ƙara wa idonka haske. Baban yara, da ka tsinci littafin wasiyyar nan ka ɓoye ka yi kamar ba ka gani ba, na sani. Allah ya bar mu tare. Autarmu, ke da ko allura ba kya iya kallo, ke kika riƙa zubar da ruwan robar da aka saka mini a hammata kina auna shi kina rubutawa safe da yamma. Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Yaya babba da Goggo, da maƙwabciyata da ta mayar da yarana nata, da waɗanda ba su san ni ba sai a nan amma suka tashi cikin dare suka ambaci sunana, Allah ya yaye muku abin da ya dame ku, ya jiƙan iyayenku, ya tsare ku da ciwon da ba a san kansa ba.

Waɗanda muke jini ɗaya kuma har yau ko kiran waya, na ji an ce wai tsoron ganina suke yi kada su yi kuka. To. Lambata dai ba ta canza ba.

'Yan uwana mata da ke jiran tasu takardar a yanzu, Allah ya sa ku ji alheri, ya ba ku mai zama ya karanta muku. Waɗanda tasu ta zo da nauyi fiye da tawa, kuna cikin addu'ata kowace sallah, Allah ya sassauta, ya sa kaffara ce.

Ranar Litinin zan fara kemo. Idan kun kira ban ɗauka ba, ku nemi auta, wayar tana hannunta.